Mabuɗin Uwar Waya

Mutanen Gwandu ba su taɓa kiranta da sunan da aka rubuta a jikinta ba. Uwar waya suke ce mata, wai don duk wata wayar tarho da ke garin a jikinta take shan nono. Doguwar akwatin ƙarfe ce mai ruwan toka, tsayinta ya kai kafaɗar babban mutum, tana jingine da bango a ɗakin baya na ƙaramin ofishin waya, kuma in ka kasa kunne za ka ji tana wani ɗan gurnani kamar kyanwar da ta ƙoshi. 'Ya'yanta ba su da yawa. Akwai layin asibiti, da na 'yan sanda, da na sakatariya, da na wasu 'yan kasuwa, sai kuma na teburin ofis, inda marasa waya a gida suke zuwa su zauna a benci su jira a kira su.

Hadijatu ce mai wannan tebur. Siririyar yarinya ce marar son magana, ta gama sakandare ta koyi buga tafireta a Birnin Kebbi, kuma ba ta daɗe da kama aiki ba. Ranar da ta fara, shugaban ofishin, Malam Isa, ya zagaya da ita yana tauna goro, ya ce mata uwar waya ƙofa uku gare ta. Ta farko ita ce teburin nan mai maɓallai, inda ake amsa kira a miƙa shi ga mai shi. Ta biyu tana bayan akwatin, wata 'yar kafa ce da ake soka igiya a haɗa da tsohuwar kwamfutar da ke lulluɓe da zane a kusurwa. Wannan ba ta buɗuwa sai an buga mata kalmar sirri, kuma wanda ya shiga ta nan shi ke da ikon buɗe layi ko rufe shi. Ta uku kuwa daga nesa ake shigarta, ta wani ɗan ƙaramin akwati da ke bisa kan uwar, wanda mai gyara yake kira daga ma'aikatarsu ta Kalgo ya yi duk abin da zai yi ba tare da ya tako Gwandu ba.

"Ta gaba taki ce," in ji Malam Isa. "Sauran biyun na Malam Abdulgani ne. Ko kin san shi?"

Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi, don duk garin an san Malam Abdulgani ne ya haife ta.

Ita ce 'yar fari, kuma su Fulani ne na rugagen da suka zauna gefen Masama tun zamanin kakanni. Ana yaye ta aka miƙa ta ga kakarta Inno, wadda ta haifi mahaifinta, a can ta girma, shi kuwa aiki ya kai shi Kalgo da sauran iyalinsa. Baffa take ce masa, kamar yadda ta ji 'ya'yan ƙannensa suna faɗi. Bai taɓa kiran sunanta ba. In ta kama dole sai ya ce "ke", ko ya dubi wani ya ce a gaya wa yarinyar can. In ya zo Gwandu duba uwar waya yakan gaisa da Malam Isa, ya gaisa da maigadi har ya tambayi lafiyar awakinsa, sannan ya wuce teburinta kamar ya wuce ginshiƙi, ita ma ta sunkuyar da kai ta yi kamar tana neman wani abu a aljihun tebur. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, haka aka tarar ana yi, kuma Hadijatu ta sani sarai. Sai dai sani daban, abin da zuciya ke ji daban.

Shekarar da wannan abu ya faru ita ce ta wahalar man fetur, kuma a shekarar ne Inno ta tafi aikin Hajji. Mamman, autan wata Gwaggo Ladi ta Dodoru, shi ya yi alkawarin riƙe hannunta tun da jirginsu ɗaya. Kafin su tashi aka shirya cewa ranar da aka gama jifa, in an idar da sallar Azahar a Gwandu, zai kai ta wurin waya su kira ofis. Lambar ofishin kaɗai suka tafi da ita. Mamman ya ce kira ɗaya zai iya, don washegari za a kwashe su zuwa Madina, daga nan kuma ba wanda ya san yadda za ta kaya sai sun sauka gida.

Ana gobe hawan Arfa wani mutumin Malisa ya kira matarsa daga can wurin aikin Hajji. Da suka gama sai ya ce a ba shi yarinyar ofis, ya gaya wa Hadijatu cewa ya ga an ɗauki Inno a kan gadon ɗaukar marasa lafiya an nufi asibiti da ita, zafi ya kayar da ita a hanya. Kafin ta tambaye shi ko idonta a buɗe yake, layin ya yanke. Tun daga ranar ba a sake jin komai ba. Aka yi Sallah, aka yi ta kawo nama ofis a kwanuka, Hadijatu ba ta iya haɗiye ko tsoka ɗaya ba. Duk hankalinta yana kan kiran nan guda da Mamman ya yi alkawari, wanda zai gaya mata ko matar da ta goya ta tana raye.

Da asubahin ranar da ake jira aka yi ruwan farko mai ƙarfi, da iska da tsawa, har aradu ta faɗa wa turken waya da ke bayan ofis. Da Hadijatu ta iso da hantsi, ƙaurin ƙonanniyar roba ne ya tarbe ta tun daga ƙofa. Ɗan akwatin da ke bisa kan uwar ya yi baƙi ƙirin, gefensa ya narke. Ita uwar tana nan da rai, tana gurnaninta, amma ƙananan fitilun gabanta da ta saba gani kore sun koma ja gaba ɗaya. Ta ɗaga wayar tebur ta kara a kunne. Shiru, kamar ta kara dutse.

A benci kuwa Gwaggo Ladi ta riga ta zauna. Tun da ruwa ya ɗauke ta taso daga Dodoru a ƙasa, ƙafafunta duk taɓo, da ƙullin gasasshen nama a gefen zane wanda ta ce na jira ne. Tsohuwa ce gajera mai baki, ba ta minti ba ta ambaci autanta Mamman ba. Da ta ga fuskar Hadijatu sai ta tambayi abin da ya faru, aka gaya mata, ta ce to ai sai a tashi uwar, in barci take.

Malam Isa ya shigo cikin babbar rigarsa ta Sallah, ya duba, ya yi salati. Ya tattare hannun riga ya yaye zanen da ke kan kwamfuta, ya soka igiya a kafar baya, ya kunna. Allon ya yi haske, wani ɗan rubutun Turanci ya fito yana neman kalmar sirri, da wata 'yar alama tana ƙyafta ido a gefensa. Malam Isa ya ce babu ƙofar da bisimilla ba ta buɗewa, ya zauna da yatsa ɗaya ya buga ta harafi bayan harafi. Na'urar ta yi wani ɗan kuka ta ƙi. Ya ce ai dama, abin da bai yi makarantar allo ba.

Akwai wata tsohuwar baƙar waya rataye a bangon ɗakin, mai hannun murzawa, wadda ta haɗa ofishin da ma'aikatar Kalgo kai tsaye ba ta bi ta cikin uwar ba. Ita Malam Isa ya murza. Ba a jima ba aka ɗauka, kuma da yake tsohuwar wayar tana da ƙara, Hadijatu tana jin muryar Baffa daga inda take tsaye, da hayaniyar abokan aikinsa a bayansa. Ya ce tun safe yake neman uwar ta ƙofar nesa ba ta amsa ba. Da aka gaya masa ɗan akwatin ya ƙone sai ya bayyana cewa haka aka yi ta, in ta ji tsawa ta taɓa ta sai ta rufe duk layukanta don kare kanta, kuma ba za ta sake buɗe su ba sai an shiga an ce ta buɗe. Tun da ƙofar nesa ta mutu, ta baya kaɗai ta rage. Shi kuwa babur ɗinsa ko ɗigon mai babu, motocin tasha duk suna layin gidan mai, ko da ya sami ta hawa ba zai iso ba sai bayan Magariba.

Malam Isa ya ce to abu ya zo da sauƙi, ga su gaban kwamfuta, ya faɗi kalmar kawai.

Baffa bai faɗa ba. Ya yi gyaran murya, ya tambaya ko an duba batura, ko ruwa bai shiga ɗakin ba. Malam Isa ya ce duk lafiya lau, kalmar ake jira. Baffa ya ce ba zai iya faɗinta ba. Malam Isa ya ɗauka dokar aiki ce, ya fara tuna masa cewa shi ne shugaban ofishin nan tun kafin a kawo akwatin, kuma uwar da ta haifi shi Baffa ce, ba ta wani ba, ake jiran a ji labarinta yau.

"Ba doka ba ce, Malam," in ji Baffa, muryarsa ƙasa ƙasa. "Suna ne na sa. Sunan da ba ya hita bakina."

Malam Isa ya cire wayar daga kunne ya dube ta kamar ita ta yi maganar. Ya ce to ya rubuta a takarda ya ba Lawali, abokin aikinsa, ya karanto. Baffa ya ce bakin Lawali kasuwa ne, kafin la'asar duk Kalgo ta ji. Aka jiyo wani a can yana dariya yana cewa ya ji an ambace shi.

Gwaggo Ladi, wadda ta taso daga benci ta leƙo ta taga, ta kama haɓa. Ta ce ita dai ta sha faɗi, Fulani kunya ce za ta kai su kabari ba ciwo ba. Mutum ya kulle ɗaki ya haɗiye makulli, sannan ya zo yana gyaran murya. Ta tambayi Hadijatu ko akwatin ma Bafillatana ce, tun da ga ta ta rufe fuska ta yi shiru.

Malam Isa ya toshe bakin wayar da tafin hannu ya ce wa Hadijatu abin ba wuya, duk Bafillatani sunan ubansa ne ba ya faɗi, ta zauna ta buga sunan kakanta. Ta zauna. Ita kanta ba ta taɓa furta sunan marigayin ba, sai da ta yi masa addu'a a zuci kafin ta buga Yusufu. Na'urar ta sake yin ɗan kukan nan ta ƙi. Malam Isa ya ce to na surukinsa ne ke nan, maza ta gwada Jibrin. Ashe tafin hannunsa ya zame daga bakin wayar, Baffa ya ji kukan na'urar ya kuma ji maganar. Abin da bai saba ba ya yi, ya ɗaga murya ya ce kada a sake taɓa komai. Ya tambayi sau nawa aka gwada, aka gaya masa. Ya ce saura guda. In aka sake kuskure uwar za ta kulle ƙofar baya ita ma, kuma daga nan ko shi ba zai iya ba, sai an zo daga Sakkwato da wani kati. Ya ƙara da cewa ba sunan namiji ba ne, a daina wahalar da matattu.

Ladan ya fara kiran sallar Azahar a masallacin bayan kasuwa. Gwaggo Ladi ta daina dariya. Malam Isa ya share gumi da bakin riga, ya ce shi ya gaji da wannan wasan 'yar ɓuya, jini ɗaya ne su, su ƙarata. Ya miƙa wa Hadijatu wayar ya koma gefe.

Ba ta taɓa magana da Baffa ba sai da wani a tsakani. Ta karɓa da hannu biyu, har ta ɗan rusuna kamar yana ganinta, ta gaishe shi. Ya amsa a taƙaice, ya tambaya ko tana gaban kwamfutar, ta ce tana nan. Daga nan sai shuuu ɗin layi da muryoyin mutanen Kalgo.

Nan ta yi lissafinta. Mata uku ne Baffa ba ya kiran sunansu. Akwai Inno, wadda sunanta na yanka Halima. Akwai mahaifiyar Hadijatu da ke gida a Kalgo, wadda yake ce wa mai ɗaki. Sai kuma ita. Zuciyarta ta tsaya kan Inno, don wane ne zai bar sunan uwarsa ya ɗauki na wata yarinya da ko kallonta ba ya yi? Har ta ɗora yatsa a kan harafin farko. Amma kuma wani abu ya riƙe ta. In da sunan Inno ne, ai babu abin ɓoyewa, sai ya ce wa Malam Isa na tsohuwata ne, ko ya bar Lawali ya karanta, ba wanda zai yi wa mutum dariya don ya girmama uwarsa. Abin da ba zai so Kalgo ta ji ba daban ne. Da wannan tunani ya zo mata sai kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, ta ji kamar ta yi sata. In ta buga sunanta na'urar ta ƙi fa? Ga Malam Isa a tsaye yana kallon yatsunta, zai ga yarinyar da ta ɗauki kanta da tsada, kuma a kan wannan rawar kai za a rasa muryar Inno.

Ta juya wa Malam Isa baya kaɗan, ta rage murya.

"Baffa, mai sunan... ta yi tahiya ne, ko tana gida?"

Ta ji ya ce wa wani ya je ya duba ko ruwan alwala ya rage a randa, ta ji ƙarar kujera, ta ji hayaniyar ta yi nisa.

"Tana wurin aikinta," in ji shi.

Hadijatu ta maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa. Ta sa tafin hannun hagu ta kare maɓallan kamar mai kare fitila daga iska, ta buga sunanta da hannun dama. Allon ba ya nuna abin da aka buga, 'yan taurari kawai yake jerawa. Ta danna babban maɓalli. Na'urar ba ta yi kuka ba. Rubutu ya gangaro ya cika allon daga sama har ƙasa.

Malam Isa ya yi hamdala ya matso yana tambayar wace ce, wace ce. Hadijatu ta ce kalmar sirri ce, Malam, ba a faɗi. Gwaggo Ladi ta dube ta ta tagar, ta dubi yadda kunnuwanta suka yi ja, ta taɓe baki tana murmushi, ta ce wa Malam Isa ya tafi masallaci kada ya rasa jam'i, tambaya ba ta kai mutum aljanna.

"Ta buɗe, Baffa."

"To. Karanta mini abin da kika gani."

Daga nan muryarsa ta koma ta aiki, ta sake, kamar an sauke masa kaya. Ta karanta masa jerin da ke allon, ya ce ta zaɓi wanda ke nuna halin layuka. Suka fito a jere, kowanne da lambarsa, kowanne an rubuta a gabansa cewa a rufe yake. Ya ce kada ta buɗe su gaba ɗaya, don in akwai wanda tsawa ta lalata a waje, uwar za ta sake firgita ta rufe duka. Ta fara da babban layin da ke shigowa daga wajen gari, wanda duk kiran nesa ke bi ta kansa. Ya koya mata yadda za ta sa uwar ta gwada layi kafin ta buɗe shi, da yadda za ta gane amsar. Ta gwada, amsa ta zo da kyau, ta buɗe. Fitila ɗaya a gaban akwatin ta koma kore. Ya ce saura na teburinta. Ta gwada shi ta buɗe, ta miƙa hannu ta ɗaga wayar tebur, ta ji ɗan kukan nan mai daɗi na layi mai rai.

Ta so ta tsaya nan ta koma tebur ta zauna, amma ta tambaye shi na asibiti fa. Ya ce ta yi shi, shi ya kamata ma a fara da shi, hankalinsa ne ba ya jikinsa. Na asibiti ya buɗe, na 'yan sanda ya buɗe, na 'yan kasuwa ma haka. Na sakatariya ya nuna matsala, ya ce ta bar shi a rufe, wannan sai ya zo ya hau turke. Da ta yi kuskure ta koma wani shafi daban, bai yi faɗa ba, ya ce ta danna maɓallin kusurwar hagu ta dawo, kowa da haka ya koya. A ƙarshe ya ce ta umurci uwar ta riƙe abin da aka yi mata, in ba haka ba da an ɗauke wuta za ta manta. Ta yi. Ya ce ta fita ta ƙofar yadda ya kamata, kada ta zare igiya kawai, ya nuna mata yadda ake fita. Sannan ya ce kada ta ajiye baƙar wayar, ta bar ta tana reto a buɗe, yana nan.

Ta yi sallarta a ɗakin baya a gurguje, kunnenta yana tebur. Mutane suka dawo daga masallaci. Rana ta fito ta fara busar da taɓon ƙofar ofis. Wayar ta yi ƙara, Hadijatu ta zabura, ashe wani ɗan kasuwa ne yana tambayar ko layinsa ya dawo, alhali da shi yake magana. Gwaggo Ladi ta kwance ƙullin namanta ta sake ɗaurewa ba ta ci ba. Ta fara cewa wataƙila sun kira tun ɗazu lokacin da akwatin ke kunya, ba su samu ba sun tafi. Hadijatu ma abin da ke cin ta ke nan. Malam Isa ya ce Mamman ɗan Dodoru ne, in ya zo wuri bai samu ba sai ya zauna, ai ga uwarsa nan an gani.

Inuwar ginin ta fara miƙewa gabas lokacin da fitilar babban layi ta fara ƙyaftawa. Hadijatu ta ɗauka. Aka yi ta shuuu da ƙaraf ƙaraf, sannan muryar namiji daga nesa, tana zuwa a makare, tana tambayar ko Gwandu ce. Mamman ne. Ya ce sau da yawa yana bugawa ba ta shiga, har ya bar layin masu jiran waya ya sake biyowa daga baya. Kafin Hadijatu ta iya haɗa tambayarta ya ce ga ta nan.

"Wa ke nan? Jatuna ce?"

Muryar ta shaƙe, ta ƙanƙance, amma ta Inno ce. Hawaye suka zubo wa Hadijatu. Inno ba ta jira ba, ta ci gaba da magana da ƙarfi yadda take yi in tana kiran shanu, don ba ta yarda waya tana kai magana in ba a taimaka mata ba. Ta ce ta faɗi ne kawai, likitocin can suka yi ta ɗura mata ruwa a hannu kamar tulu, a mota aka kai ta Arfa amma ta je, jifa kuwa Mamman ya yi mata. Ta ce abincinsu ba gishiri, nononsu na kwali ne ba ya ko tsami. Ta tambayi ko an yi ruwa, ko an mayar da karsanar nan mai ɗingishi cikin garke.

Hadijatu ta ce an yi ruwa yau ɗin nan, Inno, mai yawa. Ta ja igiyar wayar tebur iyakar tsawonta zuwa ƙofar ɗakin baya, ta miƙa ɗaya hannun ta kamo baƙar wayar da ke reto, ta haɗa su baki da kunne, ta riƙe. Igiyoyin biyu da kyar suka kai, sai da ta tsaya a tsakiyar ƙofa hannuwanta a miƙe. Ta ji Baffa ya yi sallama da Fillanci, ta ji Inno ta amsa, sai maganar ta koma can ciki tsakanin wayoyin biyu, ba ta jin komai sai motsinta a tafin hannunta. Ba su daɗe ba. Gwaggo Ladi ta riga ta shigo har cikin ofis ba izini, tana cewa a ba ta autanta kafin kuɗin Larabawa su ƙare, Fulani sun gaisa ya isa.

Hadijatu ta raba wayoyin ta miƙa mata ta tebur. Tsohuwar ta riƙe ta a juye, sai da Malam Isa ya gyara mata, ta fara da faɗan me ya sa bai kira da wuri ba.

Hadijatu ta kara baƙar wayar a kunne. Ta ji Baffa yana jan hanci, ya yi tari don ya rufe. Ya ce gobe in Allah ya kai mu zai nemi mai ko na kwalba ne ya zo ya duba layin sakatariya, ya kawo wani ɗan akwatin. Ya ce kafin nan duk abin da ya taso ta shiga ta ƙofar baya ta duba da kanta, ba sai ta jira shi ba, tun da yanzu ta san hanya. Ta ce to, Baffa. Ya fara wata magana ya fasa, sannan ya ce ta rufe kwamfutar da zanenta saboda ƙura, ya ajiye.

Ta rataye wayar, ta ɗauko zanen ta kakkaɓe ta lulluɓe kwamfutar. Yunwa ta taso mata gaba ɗaya, irin wadda ba ta ji ba tun kafin Sallah. Gwaggo Ladi tana ta magana da Mamman, amma da ɗaya hannun ta kwance ƙullin naman ta turo shi gefen tebur ba tare da ta dube ta ba. Hadijatu ta ɗauki tsoka ɗaya. Tana cikin taunawa fitilar layin asibiti ta kama, ta goge yatsunta a gefen mayafi ta zauna a kujerarta.